Filin Tambaya da Amsa: Yadda Za a Tuɓe wa Tsohon Jirgin Rimot Rigarsa Ba Tare da An Karya Shi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawara a kan wani kaya da na gada. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila, kuma da ya dawo gida a farkon shekarun 1980 ya zo da wani ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, wanda shi da kansa ya haɗa. Muna yara yakan kai mu fili ya tashe shi muna kallo. Kwanan nan na same shi a rataye a cikin sito, ya fi shekara talatin ba a taɓa shi ba. Tsawon fiffikensa ya kai kusan santimita 160, an rubuta Super 60 a gefensa, a jikin injin akwai O.S. Max, rimot ɗin kuma Futaba ne. Fiffiken yana lulluɓe da wata jar leda mai sheƙi wadda ta saki ta yayyage, gangar jikin da wutsiya kuwa an rufe su da wani abu mai kama da yadi mai tauri da aka yi wa fenti, shi ma duk ya tsattsage. Gaban jirgin ya yi baƙi yana danƙo. Na gwada jan ledar, sai ta rabu biyu, farar ta fita ta bar jan launi a jikin katako, a wani wurin kuma ta taho da katakon. Nan na tsaya. Burina shi ne jirgin ya sake tashi. Yaya zan cire wannan rufi, kuma me zan yi bayan na cire?

Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ka yi dabara da ka tsaya a inda ka tsaya, domin yawancin tsofaffin jiragen da suka lalace a wurin gyara, a rabin sa'ar farko aka lalata su, lokacin da mai su ya kama bakin leda ya fizge da ƙarfi yana zumuɗin ganin abin da ke ciki.

Jirgin da ke hannunka sananne ne. Kamfanin Keil Kraft da ke garin Wikfod a Ingila ne ya fito da Super 60 a farkon shekarun 1960, bayan wansa Junior 60 wanda ya fito a 1946, kuma an tsara Super 60 ɗin ne domin masu koyon tuƙi, shi ya sa yake tafiya a hankali, yake kuma daidaita kansa idan matuƙi ya saki hannu. Amfanin sanin sunansa gare ka shi ne ana samun cikakken zanen ginin sa a intanet. Ka sauke zanen, ka kai wa masu buga zanen gine-gine su fitar maka da shi daidai girmansa, ka kuma auna da rula ka tabbatar ba su rage ko sun ƙara ba. Duk wani haƙarƙarin fiffike da ya karye, wato siraran katakon da aka jera a cikin fiffike suke ba shi siffa, a kan wannan takarda za ka yanka madadinsa.

Da ka ce mini ratayewa za ka yi a falo domin tunawa da marigayi, da na ce ka bar kaza cikin gashinta, ka goge ƙura kawai, tun da wannan tsohuwar riga aikin hannunsa ce. Amma ka ce tashi kake so ya yi, saboda haka babu makawa sai an tuɓe shi gaba ɗaya. Gam ɗin da ya shekara arba'in, ya sha zafin kwano da bushewar hunturu da laimar damina, ba a yarda da shi sai an gan shi da ido an kuma taɓa shi da hannu.

Kafin reza ta taɓa shi, ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, har da ƙarƙashi da cikin gida inda wayoyi suke. Ka haɗa shi yadda yake, da inji da batir da komai, ka ɗora a sikeli ka rubuta nauyinsa. Sa'an nan ka sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike kusa da gangar jiki, ka nemo wurin da jirgin yake tsayawa daidai bai rinjaya gaba ko baya ba, ka auna nisan wurin daga goshin fiffike ka rubuta. A irin wannan jirgi wurin yakan faɗo kusa da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba, kuma zanen zai nuna maka shi. Ka kwafi rubutun da ke jikinsa a farar takarda, ka yanki ɗan guntun tsohuwar ledar ka ajiye domin neman launi. Bayan haka ka kwance inji, tankin mai, tayoyi, da duk kayan rediyo, kowane rukunin kusoshi a ledarsa da sunansa.

Abin da ka bayyana ya nuna rufi iri biyu ne a jikin jirgin, kuma kowanne da hanyar cire shi. Ƙa'idar ita ce abin da ya manna rufi shi ne zai sake shi: wanda aka manna da zafi, zafi ke ɓamɓare shi, wanda aka manna da ruwan sinadari kuwa sai da sinadari. Musanya su na iya jawo asara, har ma da gobara, kamar yadda zan bayyana. Domin ka tabbatar, ka ɗiga ɗigo ɗaya na asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, a wurin da ba ya nunawa. Idan saman ya yi laushi ya fara danƙo, yadi ne da aka shafe da dof, wani ruwa mai kama da banish. Idan ɗigon ya bushe bai yi wa saman komai ba, leda ce.

Mu fara da fiffike. Irin wannan leda ta shigo harkar ne a shekarun 1960. A Amurka akwai MonoKote na kamfanin Top Flite wanda ya fito a 1966, a Ingila akwai Solarfilm, daga baya Jamus ta fito da Oracover. Tun da a Ingila aka haɗa jirgin, zato mafi ƙarfi shi ne Solarfilm ce. Abin da ka gani na rabuwar ledar biyu ba laifinka ba ne, haka aka yi ta. Ita ledar garau take kamar gilashi, launin kuwa a cikin gam ɗin da ke bayanta yake, saboda haka idan ta tsufa aka ja ta da sanyi, sai ledar ta tafi ta bar gam da launi a jikin katako. Maganin wannan shi ne a ɗumama gam ɗin har ya yi laushi kafin a ja.

Ka sa sabuwar reza ka yanke ledar da ke tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari, wato inda babu katako a ƙarƙashinta, ka bar wadda ke manne a jikin katako. Wannan zai ba ka damar leƙa ciki, zai kuma ba ka bakin da za ka kama. Daga nan ka ɗauko dirayar busar da gashi, ko na'urar hura iska mai zafi irin ta masu gyaran waya, amma idan ita ce ka mayar da ita can ƙasa, domin zafin da suke narka dalma da shi ya ninka abin da kake buƙata. Gam ɗin waɗannan ledoji yakan saki a wajen digiri 90 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma Solarfilm ba ta jure zafi kamar sauran, da ka wuce kima sai ta narke ta manne. Ka hura zafin a ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu, ka ɗaga bakin ledar da tsinin reza, ka naɗo ta baya a kwance kamar mai feɗe fatar rago, hannu ɗaya na hura zafi a daidai inda take rabuwa da katako, ɗayan na ja a hankali. Kada ka ja ta sama a tsaye, nan ne take tahowa da katako. Ka kuma bi tsawon jijiyar katakon. Idan ka ji ta ƙi, ka ƙara zafi, kada ka ƙara ƙarfi. Dutsen guga na lantarki ma yana yi idan aka rage shi aka lulluɓe shi da tsohon safa na auduga, amma na gawayi kada ya kusanci wurin.

Duk yadda ka yi, sai jan launi ya saura a wasu wurare. Akwai dabaru uku da nake bi da bi. Na farko, a ɗora guntun sabuwar leda a kan tabon, a goga da zafi, a ja tun tana da ɗumi, sai sabon gam ya kwashe tsohon. Na biyu, a manna faffaɗan salatif irin na ɗaure kwali, a danna, a ɗaga a hankali. Na uku, a jiƙa tsumma da asiton a goge, amma a riƙa juya tsumman zuwa wuri mai tsabta, in ba haka ba launin ya narke ya shige cikin katako ya zama rini. A nan ne nake gargaɗin masu son ganin katako fari tas. Balsa, wato katakon da aka yi jirgin da shi, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, laushinsa ya yi kusa da na cikin karan dawa da yara ke yin mota da shi, farce ma yana lotsa shi. Idan ka bi shi da samfefa kana neman share kowane tabo, za ka cinye saman haƙarƙarin, siffar fiffiken ta canza, garin gyaran gira a rasa ido. In dai wurin ya yi sumul a hannu, kuma sabuwar rigar da za ka sa mai duhu ce ba a ganin ciki, to tabon launi ba ya cutar da komai. Inda ya zama dole, ka naɗe samfefa mai lamba 240 ko 320 a jikin doguwar sanda mai miƙewa wadda za ta hau haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda, ka shafa sau biyu ko uku ka tsaya.

Yanzu gangar jiki da wutsiya. Kafin zuwan leda, takarda mai laushi ko siliki ko nailan ake shimfiɗawa a kan katako, a shafe da wani ruwa mai kama da banish da ake kira dof, wanda idan ya bushe yakan ja yadin ya ɗaure kamar fatar ganga. Super 60 da yawa da nailan aka rufe su. Dof iri biyu ne, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda aka fi amfani da shi a wancan zamani, daga sinadarin naitiroselulos ake yin sa, dangin abin da ake yin tsohon fim na silima da shi, mai kama wuta nan take. Tsufa ba ya rage masa wannan hali. Saboda haka na'urar zafin da ka yi aiki da ita a fiffike, ka kashe ta ka ajiye ta nesa. Ka yi wannan aiki a waje, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhu da janareta da mai shan taba, ka sa safar hannu da tabarau, ka kuma kori yara daga wurin, domin tururin asiton da tina, wato ruwan tsinka fenti, yana sa jiri, kuma yana kama wuta daga nesa.

Nan ma da reza za ka fara, ka yanke duk yadin da ke kan sarari. Abin da ya rage a jikin sanduna sai ka shafa masa asiton, ko tina irin ta masu fentin mota, da ƙaramin buroshi. Matsalar ita ce a zafin ƙasarmu asiton yakan bushe kafin ya yi aiki, saboda haka ka shafa a ɗan wuri ka rufe da takardar alminiyam ta naɗe abinci na minti biyu ko uku, sa'an nan ka buɗe ka ja yadin yadda ka ja ledar. Nailan yana da kirki a nan, yakan fito a dunƙule bai yage ba. Ruwan goge jan farce da ake sayarwa a shaguna asiton ne, amma galibi an gauraya shi da mai domin laushin fata, kuma mai shi ne abin da kake ƙoƙarin raba katakon da shi, saboda haka ka nemi tsantsa.

Akwai abin da ba kowa ke faɗa ba. Gam ɗin da magina jirage na wancan lokaci suka fi amfani da shi ɗan'uwan dof ne, kuma asiton yana narka shi kamar yadda yake narka dof ɗin. Idan ka kwarara asiton a kan mahaɗar sanduna, za ka cire riga ka kuma kwance ƙasusuwa. Ka shafa kaɗan-kaɗan, ka kauce wa mahaɗai gwargwadon iko, ka yi gefe ɗaya na gangar jikin ka bar shi ya bushe kafin ka juya ɗayan. Tagogin roba ma asiton yana cinye su, ka cire su tun farko ka yi amfani da su wajen yanka sababbi. Idan kuma ka tarar da wurin da katako ne shimfiɗe aka manna masa takarda ta zauna daram, ba sai ka cire ta ba. Ka shafe ta da samfefa ta yi sumul ka rufe a kanta.

Baƙin danƙon da ke gaban jirgin shi ne babban aikin, kuma shi zai ci maka kwanaki. Injin irin naka yana shan mai ne da aka haɗa da metanol da man zurma, wani lokaci da ɗan naitirometen, kuma man zurman, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na haɗin, ba ya ƙonewa, ta salansa yake fita ya fesu a jikin jirgi. Shekara da shekaru yana bin kowace kafa yana shiga katako. Katakon da ya sha mai ba ya karɓar gam, ba ya riƙe leda, kuma ƙarfinsa ya ragu. Ka dama sitaci ko farar hoda da sifirit ta yi kauri kamar kunu, ka shafe wurin da ita, ka bar ta ta kwana. Sifirit yana narka man ya jawo shi sama, hodar kuma ta shanye. Da safe za ka ga ta yi ruwan ƙasa, ka kakkaɓe da buroshi ka sake. Bayan zagaye uku ko huɗu, idan ka tabbata babu sauran dof ko sifirit a wurin, ka shimfiɗa takarda mai shan ruwa ka ɗora dutsen guga mai ɗumi, za ka ga man yana tasowa cikin takardar. Ka canza ta har ta daina yin tabo. Gwajin ƙarshe shi ne ka manna salatif a wurin. Idan ya kama, gam ma zai kama.

Ba kowane katako ne yake ceto ba, kuma a nan ra'ayina yana da tsauri. Allon da ake ɗaure inji a jikinsa, da sandunan da injin ke zaune a kansu, da wurin da tayoyi suke kamawa, idan farce ya shige su ko suka ci gaba da zufar mai bayan duk wannan wahala, a yanke su a sa sababbi. Injin da ya ɓalle yana gudu, farfelarsa na juyawa sau dubbai a minti, ba abin gwaji ba ne. Ka yanka sabon allo daga filawud mai kyau daidai kaurin tsohon, ka manna da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, mai jinkirin bushewa, sa'an nan ka shafe duk ɗakin inji da na tanki da shi bayan ka tsinka shi da ɗan sifirit, domin kada sabon mai ya sake samun hanya.

Idan jirgin ya tsaya tsirara, ka bi kowace mahaɗa da yatsa kana ɗan matsawa. Wadda ta motsa ko ta yi ƙara, ka kankare tsohon gam ka sa sabo. Farin gam na kafintoci ya wadatar a yawancin wurare, kuma ya fi sufagulu sauƙin shafewa da samfefa, sai dai sufagulu mai ruwa-ruwa yana da amfani wajen ƙarfafa katakon da ya yi laushi domin yana shiga ciki. Ka duba ƙananan ramuka da garin katako, alamar gara ko ƙwaro ke nan, kuma jirgin da ya daɗe a sito da wuya ya tsira daga gare su. Ka fi mai da hankali ga azarar da ta ratsa fiffike daga wannan ƙarshe zuwa wancan, musamman a tsakiya inda ɓangarorin biyu suka haɗu, domin ita ke ɗaukar nauyin jirgin duka a sama. Hinjin wutsiya, wato mahaɗan da sassanta masu motsi ke lanƙwasawa a kansu, ko na zare ne ko na roba, a canza su duka ba tare da dubawa ba. Wurin da ya lotsa bai karye ba, ka ɗiga masa ruwa ka taɓa da dutsen guga, tururi zai kumbura shi ya dawo.

Balsa ba kasafai ake samun sa a kasuwanninmu ba, sai an yi oda. Abin mamaki shi ne masu wannan sana'a a Ingila sun daɗe suna amfani da wani katako na yankinmu, obece, wanda Yarbawa ke kira arere, mutanen Gana kuma wawa. Ana samun sa a 'yan katako, yana da sauƙin yanka, kuma ya dace da sanduna da wuraren da ake son ƙarfi a gaban jirgi. Sai dai nauyinsa ya ninka na balsa fiye da sau biyu, saboda haka kada ka kai shi wutsiya. Wutsiya tana nesa da wurin daidaiton nauyi, kuma duk giram ɗaya da ka ƙara a can sai ka biya shi da giram uku ko huɗu na dalma a hanci. Idan haƙarƙari ɗaya ko biyu ne suka karye, gara ka ɗinke tsofaffin da ƙananan faci a gefe.

Kafin sabon rufi, ka ɗora kowane ɓangaren fiffike a kan abu mai shimfiɗa sosai, kamar gilashin tebur, ka ga ko kusurwoyinsa huɗu sun zauna. Tsohuwar riga ita ke riƙe da siffar fiffike, kuma idan aka cire ta katakon yakan murɗe yadda ya ga dama. Idan ya murɗe, ka tara shi a tururin buta, ka murɗa shi ya ɗan wuce daidai ta ɗaya ɓangaren, ka danne shi da littattafai a kan gilashin ya kwana biyu. Fiffiken da ɓangarensa ɗaya ya murɗe zai riƙa jan jirgin gefe guda, kuma rimot ba zai iya gyara wannan gaba ɗaya ba.

Game da inji da rediyo, a taƙaice. Idan injin ya ƙi juyawa, daskararren man zurma ne ya riƙe shi. Ka ɗumama shi da diraya, ka jiƙa shi da metanol, kada ka tilasta farfela. Tanki da tiyo a sa sababbi. Injinan O.S. na Japan suna da ƙarko, mai yiwuwa ya tashi, amma samun mansa a nan wahala ne, shi ya sa da yawa suke mayar da irin wannan jirgi na lantarki. Idan ka zaɓi haka, ka tuna motar lantarki ta fi injin sauƙi, sai ka tura batir gaba har jirgin ya tsaya a wurin da ka auna tun farko. Tsohon Futaba kuwa ka goge shi ka ajiye domin tarihi. Baturansa sun mutu, kuma irinsu sukan sa wayar da ke jikinsu ta yi baƙi ta ruɓe daga ciki ba a gani. Rediyon zamani mai aiki a kan gigahaz 2.4 ba ya karo da na wani, ba ya kuma buƙatar doguwar eriya. Abu na ƙarshe, kana zaune a garin da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take, da filin jirginta da ɗalibai ke atisaye, kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sharɗanta neman izini kafin a tashi jirage marasa matuƙi a Nijeriya. Ka nemi bayanin ƙa'idar da ake bi yanzu, ka nisanci filin jirgi da barikin soja da taron jama'a, kuma tashin farko ka ba wanda ya iya.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Na riga na cire tsohuwar ledar wani ƙaramin jirgi mai tashi da lantarki da na saya na hannu, amma na rasa ledar da ake rufe su da ita a nan, kuma kuɗin odarta ya fi kuɗin jirgin. Shin akwai abin da zan iya samu a kasuwa ya maye gurbinta?

Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Akwai, kuma ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba, domin ita kanta Solarfilm an daina yin ta tun 2018. Abu mafi kusa da kai shi ne ledar da masu shagunan kwamfuta ke lulluɓe takardun shaida da ita. Ba mai kaurin nan da ake sa katin shaida a ciki ba, ka nemi siririya wadda take zuwa a naɗe kamar bandir, mai kaurin da bai wuce maikiron 40 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Tana da gam a gefen da ba ya sheƙi, tana mannewa da dutsen guga, tana da sauƙin nauyi da ƙarfi, kuma masu haɗa jirage a ƙasashe da dama suna amfani da ita. Aibinta biyu ne: ba ta da launi, kuma ba ta tsukewa sosai da zafi kamar ledar asali, saboda haka dole ka ja ta ta miƙe tun wajen mannawa, ka fara kafa ta a kusurwoyi, sa'an nan gefuna, ka bar tsakiya sai ƙarshe. Tun da garau take, duk tabon launin da ka bari a katako zai fito fili, sai dai ka fesa mata fenti marar kauri bayan ka goge ta da sifirit.

Idan jirgin babba ne, yadin shafi na foliyesta mara nauyi, wanda teloli ke sawa a cikin riga, yana yi. Ana manna bakinsa da gam a jikin katako, a tsuke shi da dutsen guga, sa'an nan a toshe ƙofofin saƙar da dof ko banish mai tsinkakken ruwa shafi biyu ko uku. Idan dof za ka shafa, ka guji ranar da iska ke da laima, domin yakan bushe ya yi fari kamar an zuba masa madara. Amma ga ƙaramin jirgin lantarki irin naka yadi zai yi nauyi, kuma ƙarfin jansa na iya lanƙwasa siraran sanduna. Ledar shago ta yau da kullum da salatif mai faɗi ba na ba da shawararsu a kan katako, domin rana ɗaya a filin Maraɗi ta isa ta sa su saki. Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa ɗan firam na gwaji da ragowar katako ka nemo zafin da ya dace a kansa, sa'an nan ka fara da ƙarƙashin wutsiya, ka rufe ƙasa kafin sama, ta yadda bakin ledar sama zai hau kan ta ƙasa da kamar milimita 5, yana kallon baya inda iska ba za ta ɗaga shi ba.